Sai Jirgin Kaya Ya Shigo

Jikata tana aikin kwamfuta, irin aikin nan da ake biyan mutum albashi yana zaune a kan tabarma yana cin gyaɗa. Rannan na same ta ta harɗe hannu tana kallon abin, ba ta taɓa komai. Na ce, "Ke, yau kuma yajin aiki ake yi?" Ta ce a'a, ayyuka biyu ne a cikin na'urar, na biyun ba ya yiwuwa sai na farko ya ƙare. Shi ne ta rubuta wa na biyun umarni ya tsaya, ya riƙa leƙawa, sai ya ga ɗan'uwansa ya gama sannan ya tashi.

Na ce, "In na farkon bai gama ba fa?"

"Sai ya yi ta jira, Kaka. Sai dai in na yanka masa iyaka, na ce in lokaci kaza ya wuce ya haƙura ya yi gaba."

Ta ci gaba da cin gyaɗarta. Ni kuwa na koma ɗaki na zauna, don na san jiran da ba a yanka masa iyaka ba. Na yi shi a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, uban yarinyar nan, yana ƙaramin yaro, yana kwance a cinyar mahaifiyata da ƙaya a idonsa.

A zamanin, Nguru ita ce ƙarshen dogo. Gyaɗa, ƙaro, fata, shanu, busasshen nama, duk nan ake loda su a yi kudu. Maigidana ma'aikacin tasha ne, shi ke ba jirgi hanya. Layin ɗaya tal ne, babu inda jirage biyu za su gifta juna sai a tasha, saboda haka akwai wata sandar ƙarfe, ba ta kai kamu ɗaya ba, da ake ajiyewa a cikin wani jan akwatin ƙarfe a ofis. Direban da ke riƙe da sanda shi ke da hanya daga wannan tasha zuwa ta gaba. In sanda ta fita a can, akwatin nan ya kulle ke nan, ba zai saki wata ba sai direban can ya iso ya miƙa tasa an mayar. Na san wannan duka ba don na taɓa shiga ofishin ba, sai don mutumin ba shi da wata hira. Wasu mazan su kawo wa matansu labarin kasuwa, ni nawa labarin sanda yake kawo mini, har nakan yi gyangyaɗi yana bayani.

Yaron ɗan farina ne, kuma a lokacin shi kaɗai Allah Ya bar mana. Kamar yadda aka saba, ana yaye shi Inna, mahaifiyata, ta ɗauke shi ta tafi da shi Gashuwa, inda iyayena suka zauna tun tasowarsu daga Haɗejiya da fataucin kifi. Ban taɓa faɗin sunansa ba. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. In an ce ya yi wayo, sai in kau da kai in ce yau tuwon me za a yi. Ubansa ya fi ni ma, in yaron ya shigo zaure shi sai ya tashi ya fita. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka tarar, kuma ban taɓa jin nauyinta ba sai a wannan damina.

Na je Gashuwa ganin gida. Da hantsi yaron ya bi wata akuya da ta shiga gonar maƙwabta, ya ja reshen aduwa da aka yi shinge da shi, reshen ya kuɓuce ya dawo masa a fuska. Kukan da ya yi ba irin na yaro da ya faɗi ba ne. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji shi, ƙafafuna suka miƙe da kansu, amma Inna ta riga ni, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa riƙe da rariya kamar wata baƙuwa.

Malamin asibitin garin ya buɗe idon da yatsu biyu, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce ƙayar ta karye a ciki, shi ba zai taɓa ba, wannan aikin likitocin ido ne a Kano. Ya ɗiga magani, ya rufe da auduga da bandeji. Sannan ya dubi Inna ya ce, "Iya, ku yi ƙoƙari gobe kafin a tashi aiki ku kasance a gaban likita. Ido ba ya jira. In ya fara ruwa, shi ke nan."

Muka shiga motar kifi zuwa Nguru. Ta kafe a taɓo wajen Jajimaji, maza suka sauka suka tura, ta sake kafewa. Mun shiga gari ana kiran magariba, jikinmu duk ƙarnin banda. Hanyar mota zuwa Kano kuwa ba a ma maganarta, ruwa ya cinye ta tun farkon damina. Abin da ya rage jirgi ne, kuma Allah Ya taimake mu washegari ranar jirgin fasinja ce.

Maigidana ya leƙo daga bakin ƙofa, ya dubi bandejin, ya ce, "Allah Ya sawwaƙe." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya fita ya sayo tikiti, ya dawo da gwangwanin madara da burodi ya ajiye kusa da Inna ba tare da ya ce na wane ne ba. Ya ce jirgi zai tashi da sassafe, za mu isa Kano rana na tsaka. Akwai jirgin kaya guda da zai fara shigowa da asuba, yana shigowa sai namu ya fita.

Kafin gari ya waye aka yi ruwa da iska mai ƙarfi.

Da safe muka shiga tarago, maigidana ya samar mana wuri kusa da taga. Inna ta kwantar da yaron a cinyarta, ni na zauna a kujerar da ke fuskantarsu ina kallon waje. Tarago ya cika da mata masu ƙullin kaya, da fatake, da wani tsoho da kajinsa a kwando. Kan jirgi yana ta huci. Rana ta fito, ta ɗaga. Masu tallan kosai suka sayar suka tafi, masu fura suka zo. Jirgi bai motsa ba.

Daga tagar ina hango ofis. Ina ganin maigidana ya shiga, ya murɗa wayar tarho, ya kara a kunne, ya ajiye. Ya fito ya tsaya a bakin dogo ya sa hannu a goshi yana duban kudu. Ya koma ya sake murɗawa. Haka ya yi ta yi, shiga da fita, kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Labari ya zagayo tarago. An ce jirgin kayan ya karɓi sanda a tashar da ke gabanmu, an buga an sanar, daga nan iska ta kayar da waya. Tun lokacin ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ko ya taso yana hanya, ko ya lalace a daji, ko yana can tashar bai motsa ba, babu wanda ya sani. An tura leburori biyu su bi dogo a ƙasa su gano, amma tafiyar ba ta kusa ba ce.

Wani bafatake ya ce ai sauri ya haifi nawa, ya shimfiɗa buzunsa ya kwanta. Na dube shi, na ji da ina da iko da na jefa shi ta taga shi da buzun.

Wajen hantsi yaron ya fara zazzaɓi. Ba ya kuka kuma, sai wani nishi ƙasa-ƙasa, yana kai hannu ga bandejin Inna tana kamewa. Tana ce masa, "Haba maigidana, haba angona, in ka ɓata idon wa zai riƙa kallona?" Wasan kaka da jika ne. Na saci kallo, na ga audugar ta jiƙe, kuma abin da ya jiƙa ta ba hawaye ba ne, ya yi kalar ruwan gero. Wata dattijuwa Babarbariya da ke gefena ta dafa gwiwata ta ce, "Kanadi, 'yata, kanadi. Haƙuri." Ta ɗauka ƙanena ne ko ɗan 'yar'uwata, ganin yadda na zauna nesa da shi.

Na sauka na nufi kan jirgi. Direban mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe a layin, yakan aiko mana da doya in ya zo. Yana zaune a inuwar injinsa yana goge wuya da tsumma. Na gaishe shi, na gaya masa abin da ke ciki, abin da ban gaya wa kowa a taragon ba.

Ya ce, "Uwargida, ba sanda, ba tafiya. Kin sani. Amma ni a ganina, wancan jirgi bai taso ba. Ya ga ruwa, ya tsaya. Yana can yana jiran mu, mu muna nan muna jiran shi. In maigida ya rubuta mini takarda ya ce akwati ya lalace, ya sa hannu, ni zan tafi. Sannu sannu, ina busa usur. Ni ma ina da yara."

Na ce, "Ana yin haka?"

"Ana yi, in akwati ya lalace. Amma shi ne zai ce."

Na koma tarago. Ban yi shawara da kowa ba. Na sunkuya na ɗauke yaron daga cinyar Inna, na saɓa shi a baya, na ɗaure da mayafina. Inna ta buɗe baki ta ce, "Ke 'yar nan, a gaban mutane?" Na ce, "Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Jikinsa zafi kamar garwashi, kuma ya yi nauyi, ya yi tsawo, ƙafafunsa na dukan cinyoyina. Rabona da goya shi tun yana shan nono. Sai a ranar na san girman ɗana.

Na ratsa dandalin tasha, na shiga ofishin da ban taɓa takawa ba. Akwai ma'aikata biyu a ciki, suna ganina suka sulale. Ga jan akwatin nan da na sha jin labarinsa, ashe ɗan ƙaramin abu ne, bai kai turmi ba.

Na ce, "Malam, ka rubuta wa direba takarda."

Bai dubi bayana ba. Ya ce, "Koma tarago."

"Ya ce zai tafi a hankali. Ya ce wancan bai taso ba."

"Ya gani da idonsa?"

"Kai ka ga ya taso?"

"Ban gani ba. Abin da na sani, sanda tana waje. Muddin tana waje, hanya tasa ce, ko yana tafiya ko yana tsaye."

"Ka ce akwatin ya lalace."

"Bai lalace ba. Aikinsa yake yi."

Na kwance mayafin, na sauke yaron, na tsayar da shi a gabansa, na ɗaga gefen bandejin. Na ce, "Dube shi. Tun da aka haife shi ba ka dube shi ba, yau ka dube shi." Kuma na kira sunan yaron, da ƙarfi, har waɗanda ke waje suka ji. Na ce wane ne, ɗanka ne, ba ɗan Inna ba ne, ba buhun gyaɗa ba ne da zai kwana a tasha.

Ya duba. Ya ce, "Mutum nawa ne a jirgin nan?"

"Ban ƙirga ba, ban kuma damu ba."

"Akwai kwana a bayan gari inda direba ba ya hango gabansa. Jirgin kaya in ya taho da nauyinsa, ko ya ji usur ba ya tsayuwa nan take. In na sake ku, ku ne a gaba. Shi ma yana ciki."

"To zuwa yaushe za mu jira?"

"Sai ya shigo."

"In bai shigo ba har la'asar? In bai shigo ba har gobe?"

"Sai ya shigo," ya sake faɗa.

Na faɗa masa maganganu a ranar waɗanda ba a faɗa wa miji. Na ce ƙarfe ya aura ba ni ba. Na ce tsoron a kore shi daga aiki yake ji. Na durƙusa kuma na kama ƙafarsa na roƙe shi don Allah don Annabi, ni da ko gaisuwa ba na yarda a ga na daɗe a durƙushe. Zagi bai yi ba, roƙo bai yi ba. Ya miƙa hannu ta saman kaina ya murɗa tarho, ya saurara, ya ajiye. Na tsane shi a wannan lokacin, tsana ta gaskiya, ba zan ɓoye ba.

Ban koma tarago ba. Na goya yaron na tsaya a ƙarshen dandali inda ake hango dogo ya miƙe ya shige cikin gero. Aka yi azahar ina nan. Inna ta kawo mini ruwa, ta tsaya kusa da ni, ba ta sake cewa in sauke shi ba. Duk abin da ya yi duhu a nesa sai in ce hayaƙi ne, sai ya zama hadari, ko garken shanu. Na durƙusa na ɗora tafin hannu a kan dogon, don na ji yara na cewa yana rawa in jirgi na tafe. Zafi kawai na ji. Yaron ya ce mini, "Yaya, idona yana bugawa." Yaya yake kirana, don haka aka koya masa. Na ce, "Yi shiru, yanzu za mu tafi." Na faɗa masa haka har na daina jin kunyar ƙaryar.

Rana ta karkata. Na san ko yanzu muka tashi, an tashi aiki a Kano. Duk da haka ban bar kallon kudu ba, don ban san wani abin da zan yi da idona ba.

Bayan la'asar sakaliya aka ji usur. Jirgin kayan ya shigo yana jan jiki, leburorin nan biyu na zaune a kan tarago. Direbansa ya zuro hannu da sanda a cikin ƙawanyarta, maigidana ya cafe. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba: ya ruga da gudu, babban mutum da hularsa, har takalmi ɗaya ya fita bai tsaya ba. Ya shiga ofis, ya yi abin da zai yi, ya fito da gudu ya ba direbanmu hanya. Muna shiga tarago jirgi ya motsa. Maigidana ya biyo tagarmu yana haki, ya ɗora hannu a kan yaron, ya kira sunansa sau ɗaya. Jirgi ya fi shi sauri.

A tashar gaba muka ji sauran labarin, daga bakin mata masu sayar da dafaffen ƙwai. Jirgin kayan ya karɓi sanda, ya ja kaɗan, injinsa ya ƙi. A gefen layi ya wuni, a cikin tasha, ana gyara. Bai taso ba sai bayan azahar. Tun safe har zuwa lokacin, hanyar nan da muka zuba wa ido babu komai a kanta. Direbanmu ya yi gaskiya. Da an sake mu da hantsi, da mun wuce lafiya lau. Da kuma an sake mu bayan azahar, da mun yi karo da shi a daji. Na san wannan na biyun ma, tun a lokacin na sani, amma bai rage mini komai ba.

Sai washegari da safe muka ga likita. Ya cire ƙayar, 'yar ƙarama, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce idon ya riga ya yi ruwa, abin da za su yi yanzu shi ne su tsare ɗayan. Na tambaye shi ta bakin ma'aikaciyar da ke fassara, na ce, da jiya muka zo fa? Ya ce, "Da jiya ne, da wataƙila."

Wannan "wataƙila" na ƙulla a bakin zanena. Duk zaman da muka yi a asibiti ina juya ta. A jirgin dawowa na shirya yadda zan miƙa wa maigidana ita, a gaban wa, da wace murya. Na so ta shige shi yadda ƙayar ta shiga idon ɗana, ta karye a ciki.

Muka shigo Nguru da yamma. Yana tsaye a inda ya saba, hannu a miƙe. Ya karɓi sanda daga direba, ya shiga ofis ya mayar da ita, sannan ya fito ya nufo mu. Ko a ranar sai da ya gama da sanda. Amma da ya matso na ga rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa ya zama kamar na zakaran da ya yi jinya. Ya san hanyar a buɗe take a ranar, direban kayan ya gaya masa tun kafin ƙurarmu ta kwanta. Da wannan ya kwana ya tashi duk kwanakin da ba ma nan, shi kaɗai a gida.

Ya gaishe da Inna. Ya durƙusa a gaban yaron, a tsakiyar tasha, mutane na wucewa, ya daɗe yana kallon sabon bandejin. Sannan ya ɗago, bai iya haɗa ido da ni ba, ya ce, "Me likita ya ce? Da kun isa a ranar..."

Maganar tana bakina, a shirye. Inna tana kallona, ita ma ta ji abin da likita ya faɗa.

Na ce, "Ya ce tun a Gashuwa idon ya mutu. Ko da jirgin sama muka je, ba abin da za a yi."

Inna ta sunkuya ta ɗauki ƙullin kayanta, ta ce, "Haka ya ce."

Ya ɗauki yaron ya saɓa a kafaɗa, ya wuce gaba, muka bi shi a baya har gida. Yaron bai koma Gashuwa ba. Ya girma da ido ɗaya, ya yi karatu da shi, ya yi aure, ya haifi mai cin gyaɗar nan. Ubansa ya ci gaba da ba jirage hanya har ya yi ritaya, kuma har ya koma ga Allah bai sake kawo mini hirar sanda ba, bai kuma sake tambayata abin da likita ya ce ba. Ban san ko ya yarda ba.